Tafiya Kano da kare, mage da aku daga Damagaram: takardu da hanya

Ɗan Zango:

Assalamu alaikum jama'a. Aiki zai mayar da ni Kano ni da iyali, na wata takwas ko fiye, kuma tafiyar saura sati uku, wato tsakiyar Afirilu. Da motar gida za mu tafi. Ina da karen Azawak namiji, ɗan shekara biyu, nauyinsa wajen kilo 20, da mage wadda ta haihu sati shida da suka wuce, ƴaƴa biyu. Akwai kuma akun yara, irin mai ruwan toka da jar wutsiya. Karen an taɓa yi masa allurar haukan kare bara waccan lokacin da aka yi ta kyauta, amma ko guntun takarda ba a ba ni ba. Magen kuwa ba a taɓa yi mata komai ba. Waɗanne takardu zan nema, a ina, kuma ta Ɗan Barto ya fi ko ta Tinkim? Masu sani a taimaka, Allah ya saka.

Malamin Elbaj:

Wa alaikumus salam Malam. Kafin maganar hanya, sati ukun nan naka shi ne matsalar, domin lissafin tafiya da dabba daga ranar allura yake farawa, ba daga ranar da ka ɗaure kaya ba.

Allurar da aka yi bara waccan ka ɗauka ba a yi ba. Babu takarda, kuma ko da akwai, ta wuce wata 12. Sai a sake daga farko, kare da mage duka. Allurar farko ba ta fara aiki a idon doka sai bayan kwana 21, lokacin da jiki ke ɗauka ya gina kariya ke nan, kuma ga shiga Nijeriya kwana 30 ake lissafawa, kada kuma ta haura shekara. Ko gobe da safe aka yi, ranar tafiyarka tana da kwana 20 ne kawai.

Ka tafi ofishin elbaj na jaha, wato na ma'aikatar kiwo da lafiyar dabbobi, a nan Damagaram, ko wurin likitan dabbobi mai lasisi, a buɗe wa kowace dabba karne, wato littafin allura, nata daban. Kada ka yarda a haɗa su a karne ɗaya. Abin da za ka tsaya a kansa sai an rubuta: sunanka daidai yadda yake a katin ɗan ƙasa ko fasfo, irin dabbar, namiji ko mace, shekaru, launi da wata alama ta jiki, ranar allura, sunan maganin, lambar kwalbar, sa hannu da hatimi. Kwalbar Rabisin ko Nobivac tana zuwa da ƴar takarda mai manne ɗauke da lambar da ranar lalacewa, a ɓamɓaro ta a liƙa cikin karnen. Karnen da aka rubuta "an yi allura" kawai da biro, babu lamba babu hatimi, kowa na iya rubuta irinsa a gida, shi ya sa ba a ɗaukarsa da daraja.

Ka kuma duba daga ina aka ciro kwalbar. Maganin nan tsakanin digiri 2 da 8 ake ajiye shi. Wanda ya yini a aljihun babur cikin rana, ko wanda ya daskare ya zama ƙanƙara, ya mutu. Mililita 1 ake yi ƙarƙashin fata, ko karen babba ne ko ƙarami, ba a raba awon dabba ɗaya wa dabba biyu.

Takarda ta biyu ita ce shaidar lafiya ta ƙasa da ƙasa, wadda a ofis ake ce wa satifika saniter. Likitan gwamnati ne ke sa mata hannu bayan ya ga dabbar da idonsa, ya auna zafin jiki, ya duba ido, baki, fata da kaska. Ita ba a gaggawar karɓarta, domin ranta gajere ne, ƙasashe da yawa ba sa karɓar wadda ta haura kwana 10. Saura kwana biyu ko uku ka tashi, lokacinta ke nan. Da Faransanci za a rubuta ta, jami'in da zai karanta a can kuwa Turancin Ingilishi ya sani, don haka ka roƙi likitan ya ƙara fassarar muhimman layuka a ƙasa ya sake buga hatimi. In ba haka ba, za ka tsaya cikin rana kana fassara wa mutum takardar da bai da dalilin yarda da fassararka.

Ta uku daga Nijeriya take fitowa: izinin shigo da dabba. Sashen lafiyar dabbobi na tarayya a Abuja ke bayar da shi, hukumar NAQS kuma ita ke da alhakin duba dabba a mashigar ƙasa. Ana rubuta takardar neman izini a haɗa da kwafin karne da na shaidarka, a faɗi irin dabbar da mashigar da za a bi. Wannan ita ta fi cin lokaci, kuma ba za ka iya nema ba sai karnen ya samu. Ka sa wanda zai tarbe ka a Kano ya bi maka ita da zarar karnen ya samu. Mashigar da ka rubuta, ita za ka bi, kada ka rubuta Kwangwalam ka ɓullo ta Babban Mutum.

Wani zai ce maka ka nemi takardar ƙetare ta makiyaya, wadda CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ta kafa a 1998. Wannan ta garken shanu da tumaki ce masu tafiya kiwo, ba ta shafi kare da mage ba.

Ƴaƴan magen ba su da hanya yanzu. Ba a yin allurar haukan kare sai dabba ta cika sati 12. Suna da shida, sai su ƙara shida, sannan a ƙirga kwana 30 a kai. Ka ga an doshi wata biyu da rabi daga yau.

Direban Magarya:

Malam Ɗan Zango, abin da malamin elbaj ya faɗa shi ne doka, ba ni da ja. Amma a faɗi gaskiya, tsakanin Damagaram da Daura da Kano mutane ɗaya ne, sau da yawa mai mage cikin kwali zai wuce ba wanda ya ce masa uffan. Kare babba ne ba ya ɓoyuwa, balle Azawak mai dogayen ƙafafu da kowa zai leƙo ya gani.

Hanya biyu ce. Ta farko ka bi hanyar Maradi zuwa Takeita, ka karya kudu ta Kance da Matamai zuwa Ɗan Barto, ka tsallaka Kwangwalam, sai Mai'aduwa, Daura, Kazaure, Ɗambatta, Kano. Ta biyu ka miƙe kudu zuwa Magarya da Tinkim, ka shiga ta Babban Mutum, ka bi Ɓaɓura. Ko wacce ka ɗauka ba ta kai kilomita 300 ba. Mai ɗauke da takardun dabba, ni Ɗan Barto zan ce masa, don ita ce babbar mashiga, an fi samun wanda aikinsa ne ya duba ya buga hatimi. Sai dai ka kauce wa Lahadi, ranar kasuwar Mai'aduwa, hanya cike take da motocin dabbobi da na hatsi. Haka Alhamis ga wanda zai zaga ta Maigatari. Juma'a ma bayan ƙarfe goma sha biyu ba ka samun kowa a kujerarsa sai an sauko.

Ka tashi bayan sallar asuba, ka isa iyaka wajen ƙarfe takwas lokacin da ofisoshi suka buɗe, kafin rana ta ɗaga. Agogonmu da nasu ɗaya ne. A wajenmu za ka bi ta ƴan sanda da duwan, ka nemi ma'aikacin elbaj na wurin ya sa hannu a bayan satifika. A wajensu akwai jami'an shige da fice, kwastan, masu duba katin allurar shawara na mutane, sannan masu duba dabbobi. Kowa ya riƙe katinsa na shawara, har yara. Takardun dabba ka yi kwafi uku-uku, na asali cikin leda a jikinka, kwafi kake miƙawa sai in an ce lallai na asali. Duk kuɗin da aka ce ka biya, ka nemi rasit, kuma ka riƙe canjin sefa da naira ƙanana.

Tsayuwar iyaka ita ce wurin da dabba ke mutuwa, ba tafiyar ba. Mota na tafiya iska na shiga, da ta tsaya ta zama tanda. In aka rufe gilashi cikin ranar Afirilu, minti goma sun isa zafin ciki ya ƙaru da digiri 10. Dole mutum ɗaya ya zauna da dabbobin a inuwa, ƙofofi a buɗe, kai ka shiga ofis. Kada a sa kare a but ɗin ƙaramar mota, babu iska ga hayaƙin salansa. In a-kori-kura ce, kada a ɗaure shi da wuya a baya: ƙarfen ƙasan yana ƙona tafin ƙafa, in kuma ya yi tsalle igiyar ta rataye shi. Keji a ɗaure da igiya kusurwa huɗu, tabarma ko katako a ƙasa, rumfa a sama, gefuna a buɗe.

Motar haya kuwa ka cire ta a lissafi, fasinja ba za su zauna da kare ba ko ka biya kujera biyu.

Hajiya Likita:

Alhaji direba, bayaninka na hanya ya yi, amma maganar "ba wanda zai ce uffan" ita ce ke sa mutane cikin wahala. Amfanin karne ba a shinge kaɗai yake ba. Kare ya sauka a unguwar da bai sani ba, yara sun taru suna kallon baƙon kare, ya kafta wa ɗaya haƙori. In da karne mai hatimi, za a tsare shi a sa masa ido kwana 10, in ya wuce su lafiya an san ba ya ɗauke da cutar a miyaunsa ranar da ya yi cizon. In babu, maƙwabta ba za su jira kwana goman ba, kuma ba za ka ga laifinsu ba, don cutar nan da zarar alamunta sun bayyana a jikin mutum babu magani. Wanda aka ciza, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu minti 15 cur, a kai shi asibiti ranar, ko karen na da allura ko babu. Mage ma tana ɗauka tana bayarwa, da cizo ko yakushi.

Malam mai tambaya, tunda za a je wurin allura, a yi sauran gaba ɗaya. Karen a yi masa haɗaɗɗiyar allurar da ke kare shi daga ciwon gudawar jini na karnuka da ciwon da ke kama huhu da ƙwaƙwalwa, don Kano gari ne mai yawan karnuka. Wanda bai taɓa samu ba ana maimaita masa bayan sati uku zuwa huɗu, ka ga ya faɗa cikin kwana talatin ɗin da za ka jira. Magen akwai tata daban. Allurar haukan kare irin su Rabisin matacciyar ƙwayar cuta ce, mai shayarwa na iya ɗauka in likita ya ga jikinta da ƙarfi. Maganin tsutsar ciki a ba su sati ɗaya kafin tafiya, ba ranar ba, don yana iya sa zawo. Na kaska da ƙuma a ɗiga a bayan wuya saura kwana uku, kada a yi wanka kwana biyu bayansa. Kaska ko ɗaya jami'i ya gani a kunne, ya samu hujjar tsayar da kai.

A nan a kula sosai: maganin kaskar kare mai sinadarin fametirin yana kashe mage, ko da gogar jikin karen ta yi bayan an ɗiga masa. Mai fifronil shi ne ake samun na kare da na mage, kowa da awonsa. Farasitamol ma guba ne ga mage, ƙwaya ɗaya ta isa.

In akwai hali, a sa musu ƴar ƙwayar shaida ta lantarki ƙarƙashin fata, mai lamba 15, girmanta kamar ƙwayar shinkafa. A sa ta kafin allura ko rana ɗaya da ita, a rubuta lambar a karne, ta haka ne takarda ke zama ta wannan karen ba ta wani mai kama da shi ba. In ba a samu ba, a liƙa hoton dabbar a karne a buga hatimi rabi kan hoto rabi kan takarda.

Maganin barci kada a ba su. Mutane na neman asefuromazin don kare ya kwanta shiru, alhali yana saukar da hawan jini kuma yana hana jiki daidaita zafinsa, cikin bazara wannan hanyar mutuwa ce. Azawak ma ya fi sauran haɗari, jikinsa ba kitse, irin waɗannan magunguna na daɗewa ba su sake shi ba. In amai ne damuwar, akwai Cerenia, miligiram 8 kowane kilo, wato 160 ga karen kilo 20, awa biyu kafin tashi, da izinin likita. Abin da ya fi magani shi ne sabo: a ajiye kejin a tsakar gida tun yanzu, a riƙa zuba abinci a ciki, bayan kwana uku a fara zagayen minti goma a mota, a riƙa ƙarawa. Takunkumi ma a saba masa da shi, irin mai raga wanda zai iya buɗe baki ya yi haki. Na ƙyalle mai ɗaure baki ruf, minti biyu na dubawa kawai ake sa shi, don kare da haki yake fitar da zafi, ba ya gumi kamar mu.

Girman keji: ya iya tsayuwa kansa bai taɓa sama ba, ya juya, ya kwanta ya miƙe ƙafa. Abinci a tsayar awa shida kafin tashi, ruwa kuwa kada a hana. Kare na shan mililita 50 zuwa 60 kowane kilo a yini, naka lita ɗaya da ɗan ɗori ke nan, cikin zafi ya ninka. Ka ɗauki jarka ta lita biyar ta ruwan gida saboda su kaɗai, a ba shi kaɗan-kaɗan duk awa ɗaya da rabi. A sa igiya kafin a buɗe ƙofa, ba bayan an buɗe ba. Karen farauta ne, in ya hango akuya a Kance ya zabura, babu mai kamo shi da ƙafa.

Mage ba a fito da ita a hanya sam. Kwali ba keji ba ne, fitsari na jiƙa shi ta yage ta fita. Keji mai ƙofa, tsumman da ta saba kwanciya a kai, a lulluɓe gefe uku da zane mara nauyi. In jami'i ya ce sai ya gani, a shiga cikin mota a rufe ƙofofi da gilashi na ɗan lokacin, sannan a buɗe kejin.

Alamar zafi ya yi yawa: haki ba tsayawa, harshe ya yi jajir ya faɗaɗa, dalala mai kauri, tangaɗi. Zafin jikin kare na lafiya 38 zuwa 39 ne da ɗan kai. Ya kai 40 a tsaya, 41 kuwa rai ake ceto. A kai shi inuwa, a kwarara masa ruwan randa a ciki, hammata da tafin ƙafa, a yi masa fifita. Kada a lulluɓe shi da jiƙaƙƙen tawul, yana riƙe zafin ne. Mage in ta buɗe baki tana haki kamar kare, ta riga ta galabaita.

Na Gandun Daji:

Ba wanda ya taɓa maganar akun, kuma shi ne zai iya jawo abin da ya fi tarar kuɗi. Aku mai ruwan toka da jar wutsiya yana cikin rukuni na ɗaya na CITES, yarjejeniyar duniya kan cinikin namun daji, tun farkon 2017, rukunin da aka fi tsaurarawa, kuma Nijar da Nijeriya duk suna cikin yarjejeniyar. A idon doka naman daji ne, ko shekara goma ya yi yana kwaikwayon sallama a zaurenka. Ƙetare iyaka da shi na buƙatar izinin fitarwa daga hukumar ruwa da gandun daji a Yamai da izinin shigarwa daga Abuja, kuma za a tambaye ka inda ka samo shi. Tsuntsun nan na kurmi ne, ba ya rayuwa a dajinmu, galibin na gidajen Damagaram a kasuwa aka saye su ba takarda. In aka kama, ƙwacewa ake yi.

Ga kuma murar tsuntsaye. Tun da ta ɓulla a Magarya a Fabrairun 2006, makonni kaɗan bayan ta bayyana a Kaduna, duk lokacin da aka ji ɗuriyarta abin da ake fara hanawa shi ne ƙetarawa da mai fuka-fuki, har tantabara. Ka bar wa ƴan uwa akun su riƙe. Masu babban kunkurun nan na Sahel a gida su ma su sani, yana cikin rukuni na biyu, shi ma sai da izini.

Ɗan Zango:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara sani. Aku zai zauna wurin yayata, yara sun yi kuka sun haƙura. Amma ranar fara aiki ba ta ɗaguwa. Yaya zan yi da kwana goman da suka rage? Kuma in wa'adin ya cika za mu dawo, sai an sake duk wannan?

Malamin Elbaj:

Raba tafiyar biyu, Malam. A yi allura gobe, ku tafi da iyali ranar da aka sa, kare da mage su zauna. Hakan ma ya fi wa magen, ƴaƴanta za su kai sati takwas su bar nono, a samu masu so a ba su, nononta ya ƙafe kafin ta hau hanya. Kai kuma kana Kano za ka fi iya bin izinin Abuja da kanka, ka gyara inda karen zai zauna, da inuwa da katanga mai tsayi don Azawak na tsallake gajeren gini. Izini na fitowa, kwana talatin sun cika, ka zo ranar Laraba, a duba su a ba ka satifika ranar Alhamis, ka juya da asubar Asabar.

In wani za ka aiko ya kai maka su, ka rubuta masa takardar wakilci da sunansa da lambar katinsa, a buga mata hatimi a mairi (ofishin magajin gari) ko kwamisariya (ofishin ƴan sanda), ka haɗa da kwafin katinka. Sunan da ke karne da na mai riƙe da igiya in suka saɓa, tambayar farko ita ce karen na wa ne.

Dawowa ta fi sauƙi. Allurar gobe tana nan da ƙarfinta har wata 12, wata takwas na ciki. Satifika ce kawai za a sake, wannan karon daga likitan dabbobi na gwamnati a Kano, saura kwana biyu ko uku ku taso, a nuna ta ga ma'aikacin elbaj a Ɗan Barto. In zaman ya zarce, a maimaita allurar a can kafin ranar da ke cikin karne ta cika, a rubuta a wannan karnen dai, kada a buɗe sabo. Aka maimaita a kan lokaci babu jiran komai. Aka bari ta wuce ko da sati ɗaya ne, ta koma allurar farko, sai a sake ƙirga kwanakin daga ɗaya.